Baƙin Ƙwandaloli a Cikin Canji: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Tarawa

Kowane mai tebur yana da su. A ƙasan gwangwanin canji akwai 'yan ƙwandalolin da suka kwanta: wani ya haɗa su cikin kuɗin sukari da magariba, sai da gari ya waye aka ga ba na ƙasar nan ba ne. Ba mai karɓarsu, kuma hannu ba ya iya jefar da kuɗi. To akwai mutanen da waɗannan ɗin ne abin nemansu. Ba sa zuwa gwanjo a Landan, ba sa sayen zinariya, abin da kasuwa ta miƙo musu shi suke tsincewa. Ga tambayoyin da masu fara wannan sha'awa suka fi yi. Akasarin misalan daga Nijar ne da garuruwan bakin iyaka, don a can ne tsaba ke yawo har yanzu. A lissafin can dala ɗaya sefa 5 ce, wato dala biyar sefa 25, dala ashirin sefa 100.

Ta yaya kuɗin wata ƙasa ke shiga cikin canjinmu?

Hannu ne ke ƙirga tsaba, ba ido ba. Mai shayin da ke sallamar mutum goma a lokaci guda ba ya tsayawa karanta rubutun jikin ƙwandala. Girmanta da nauyinta da launinta kawai yake ji. Duk wadda ta yi daidai da tamu a waɗannan ukun za ta wuce, ta yi ta wucewa har ta faɗa hannun mai lura. Wadda ba ta yi kama da komai namu ba kuwa, tafiyarta gajera ce, a mutum na biyu ko na uku take tsayawa.

Masu kawo su sanannu ne: direbobin manyan motoci da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema a Gana, 'yan ci-rani masu dawowa daga Libiya da Aljeriya ta Agadas, masu fataucin dabbobi tsakanin Difa da Chadi, alhazai, ɗaliban Masar da Sudan, 'yan kasuwar Dubai da Sin. Takardar kuɗi ana canja ta a bakin iyaka. Tsaba ba mai canja ta, sai ta biyo mutum gida a aljihu.

Ai sefa sefa ce. Me ya sa ake ƙin karɓar ta Kamaru a Maraɗi?

Domin sefa biyu ce, kowacce da bankinta. Ta yamma bankin BCEAO ne ke fitar da ita, hedikwatarsa a Dakar, kuma ƙasashe takwas ke kashe ta: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Mali, Senegal, Togo da Gine Bisau, wadda ta shigo a 1997. Ta tsakiya ta bankin BEAC ce da ke Yawunde, ta ƙasashe shida: Kamaru, Chadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Darajarsu ɗaya ce a takarda, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, amma doka ba ta tilasta wa kowa a yankin ɗaya ya karɓi ta ɗayan ba.

Ga mai tarawa wannan alheri ne, don tsofaffin ƙwandalolin yankunan biyu kusan tagwaye ne. Dala ɗaya ta kowane ɓangare giram 3 ce, dala biyu giram 4, dala biyar giram 8, duka ruwan tagulla. Dala ashirin ɗin ma farare ne masu giram 7. Sai an juya fuska ake rabewa. Ta yamma tana ɗauke da wata alama mai kamar kifi mai haƙoran zarto, wadda aka kwaikwayo daga awon zinariya na mutanen Akan na Gana da Kodebuwa, kuma a kan tsofaffin ƙananan akwai kan barewa guda ɗaya. Ta tsakiya kuwa, tsohuwar, kawunan dabbobi uku ne jere, masu dogayen ƙaho irin na gwanki. Barewa ɗaya tamu ce, uku baƙuwa. A 2006 BEAC ya sauya fasalin ƙwandalolinsa, ya mai da dala ashirin mai launi biyu, shi ya sa sababbin ba su cika ɓuya a cikin namu ba. Tsofaffin ne ke shigewa.

Akwai kuma waɗanda suka girmi 'yancin kai. Dala biyu da dala biyar na 1957 masu rubutun Afrique Occidentale Française da Togo, da kuma na 1958 masu Afrique Equatoriale Française da Cameroun, girmansu bai bambanta da na yau ba, saboda haka jefi-jefi sukan ɓullo, sun goge har da ƙyar ake ganin shekarar. Idan irin wannan ta faɗo hannunka, kada ka bari ta koma kasuwa.

Na ga wani harafi shi kaɗai a jikin dala goma ta tsakiya. Mene ne shi?

Ka lura da kyau. A kan sefa 50 ta tsakiya da aka fara bugawa a 1976 akwai harafin da ke nuna ƙasar da aka buga wa ita: A na Chadi, B na Afirka ta Tsakiya, C na Kwango, D na Gabon, E na Kamaru. Daga baya aka daina sa harafin. Sefa 100 ta shekarun 1970 da 1980 ma sunan ƙasa ne a rubuce ɓaro-ɓaro: Tchad, Gabon, Cameroun da sauransu. Haɗa haruffan nan biyar daga canji kaɗai, ba tare da saye ba, aiki ne mai daɗi ga mai farawa. Wanda ke Difa ko Gigimi zai fi saurin cin karo da A da E. D kuwa sai an yi haƙuri, don hanyar Libreville zuwa nan da nisa.

Kuɗin Faransa fa? Na samu wata mai kan mace an rubuta 20 centimes.

Wannan tana cikin waɗanda na fi so, don ba a banza ta shigo ba. Santim 10 ta Faransa faɗinta milimita 20 ne, nauyinta giram 3, daidai da dala ɗaya. Santim 20 milimita 23.5 ce, giram 4, daidai da dala biyu ta yamma. Launin ma ɗaya. Sannan kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, wato santim 10 sefa 5 ce cif, santim 20 kuma sefa 10. Wanda ya kashe ta a Yamai a wancan zamani bai cuci kowa ba ko da anini. Bayan 1994 sai ma ta ninka abin da ake karɓarta a kai. Yau kuwa ba kuɗi ba ce ko a Faris: ta daina aiki a Fabrairun 2002 da zuwan yuro, kuma wa'adin mai da tsabar faran banki ya ƙare a 2005.

Kamannin ba abin mamaki ba ne, tunda masana'antar buga kuɗi ta Faransa ce ta buga akasarin tsabar sefa. Idan ka sa gilashin ƙara girma kusa da shekarar za ka ga ƙananan alamomi biyu. Ɗaya ƙaho ne cike da 'ya'yan itace, tambarin masana'antar. Ɗayar tana sauyawa da sauyin shugaban masu zane: mujiya daga 1958 zuwa 1974, kifin dolfin daga 1974 zuwa 1994, ƙudan zuma daga 1994 zuwa 2000. Ko lamba ɗaya ta shekarar ta shafe, wannan alama za ta taimaka maka ka kintaci zamanin.

Ni a Najeriya nake, rabona da ganin ƙwandala a kasuwa har na manta. Ina zan samu?

Gaskiya ne. Tsabar ƙarshe da Babban Bankin Najeriya ya fitar ita ce ta Fabrairun 2007: kwabo 50, naira 1 mai hoton Herbert Macaulay, da naira 2 mai ginin majalisar tarayya. Tsadar kaya ta cinye su tun ba a je ko'ina ba. Saboda haka a nan ba daga canji za ka tsinta ba, sai daga inda tsaba ta je ta kwanta. Duba adakar kaka da jakar da alhaji ya dawo da ita daga Makka. Tambayi masu tebur a Jibiya, Illela, Maigatari, Kamba, Mubi da Gamboru. Tambayi 'yan gwangwan, da maƙeran farfaru, da masu kula da asusun masallacin tasha, don duk abin da ya ƙi kasuwa a can yake ƙarewa. Yawancinsu za su ba ka kyauta ko a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu ma da dariya.

Kuma abin ya juyo: a Ƙonni ko Magarya, kwabo 25 ta 1973 mai dalar gyaɗa ita ce baƙuwar. Yaro ɗan shekara ashirin a Kano ma baƙuwa ce a wurinsa.

Na alhazai ba na iya gane shekararsu.

Abu biyu ne ke rikitarwa, lambobin da kuma kalandar. Lambobin su ne na shafukan littattafan Larabci: ٠ ١ ٢ ٣ ٤ ٥ ٦ ٧ ٨ ٩. Daga hagu zuwa dama ake karanta su duk da cewa rubutun daga dama yake farawa. Inda aka fi tuntuɓe shi ne ٥, mai kama da sifili alhali biyar ce, sifilin kuwa ɗigo ne. Bakwai bakinta sama, takwas bakinta ƙasa.

Shekarar kuma ta Hijira ce. Ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali ١٤٠٨, wato 1408, zai ba ka 1987 da 'yan kai, zamanin Sarki Fahad ke nan. Lissafin kan kauce da shekara ɗaya, ba komai. Halala 100 ce riyal ɗaya. Tsofaffin suna da dabino da takubba biyu a gicciye. Jerin da aka fitar a 2016, zamanin Sarki Salman, yana da riyal ɗaya da riyal biyu masu launi biyu, kuma su ne suka fi yawa a jakunkunan alhazan yanzu.

Na Daular Larabawa sauƙin ganewa gare su: dirhami ɗaya butar gahawa ce a jiki, fils 25 barewa. Fam ɗaya na Masar fuskar Fir'auna Tutankhamun ce. Na Aljeriya da aka fara a 1992 dabbobi ne: dinari 2 raƙumi, 5 giwa, 10 shaho, 20 zaki, 50 barewa, 100 doki. Maroko takan sa shekarun biyu tare, ta Hijira da ta Miladiyya, ta hutar da kai.

Na ga wata an rubuta shekarar da ba mu kai ba tukuna. Jabu ce?

A'a. In ta Tailan ce, kalandarsu ta ɗara ta Miladiyya da 543, sai ka debe. Ta Habasha kuwa baya take da shekara bakwai ko takwas. Iran tana ƙirga Hijira ne da rana, ba da wata ba, don haka 621 ake ƙarawa ba tare da ninkawa ba. Japan shekarar mulkin sarki take rubutawa.

To nawa zan samu idan na sayar?

Kusan babu. Gara a faɗa maka tun yanzu. Ƙwandalar da ta yi yawo har ta iso canjinka, an buga irinta miliyoyi, kuma yawon ya ci fuskarta. A Turai da Amurka irin waɗannan a kilo ake sayar da su, a gauraye. Abu uku ne ke sa tsada: ƙarancin adadin da aka buga, kyawun jiki kamar yau ta fito, da yawan masu nema. Tsufa shi kaɗai ba ya cikinsu. Akwai kuɗin Rumawa na shekara sama da 1,600 da ake sayarwa da araha, don an tono su da tulu-tulu.

A ganina darajar irin wannan tari tana wani wuri dabam. Kowace ƙwandala shaida ce cewa wani ya taka wata hanya. Dinarin Aljeriya a kasuwar Tawa, pesewa ta Gana a tashar Dosso, harafin D a Damagaram: in ka rubuta inda ka samu kowacce da ranar, bayan shekara goma kana riƙe da labarin zirga-zirgar garinku wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Wanda ya sayi kilo guda ta intanet ya fi ka yawan ƙasashe, amma ba shi da wannan.

An ce kwabo mai huji ana sayensa miliyoyi. Gaskiya ne?

Ƙarya ce, kuma tsohuwar damfara ce. Yadda take tafiya: wani zai zo yana cigiyar kwabo mai huji na wata shekara, ya ce Bature na jira da kuɗi. Bayan kwana biyu wani dabam zai ɓullo da irinsa yana neman dubu ɗari. Ka saya, mai cigiyar ya kashe waya. Wani lokaci a ce akwai wani sinadari a ciki, ko a ce sai ka biya kuɗin gwaji. Babu komai a cikin kwabon nan sai jan ƙarfe da nikel, na baya-bayan nan kuma tagulla.

Amma fa abin ajiyewa ne. Na Afirka ta Yamma ta Ingila, masu tauraro mai tsini shida, an fara su a 1907, kuma aninin farko na alminiyom ne, yana cikin ƙwandalolin farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe don kashewa. A jikinsu akwai rubutun Larabci mai faɗin darajarsu, don an san su wa za su karanta. Ƙaramin harafin H yana nufin masana'antar Heaton ta Birmingham, KN kuma King's Norton. Na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas suna da labari: ya sauka daga mulki cikin shekarar, Ingila kanta ba ta kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba, amma mu nan an kashe su. Duk da haka an buga su da yawa, farashinsu bai wuce na marmari ba.

Kakata tana da babban kuɗin azurfa mai hoton wata mace, an rubuta 1780. Ya kai shekara ɗari biyu da arba'in ke nan?

Da wuya. Liyari ne, kuɗin Mariya Tereza ta Ostiriya. Ta rasu a 1780, kuma tun daga nan duk wanda aka sake bugawa wannan shekarar ake sa masa, don 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu ba sa yarda da wanda aka sauya wa fasali. An buga shi a Biyana, an kuma buga a Landan, Faris, Roma, Bombay da wasu biranen, ɗaruruwan miliyoyi. Shi ne babban misalin baƙon kuɗin da ya zama ɗan gida: lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canja shi a kan kuɗin wuri 2,500. Daga baya ya koma kayan adon mata da abin narkawar maƙera.

Na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 azurfa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Na jabu sun yi yawa, ka kai wa maƙerin zinariya ya ɗora a sikeli. Darajarsa ta azurfar ce da ɗan ƙari. Mai su da yawa ya tuna da zakka: nisabin azurfa wajen giram 595 ne, kimanin liyari 26 ke nan. Sauran bayanin sai wurin malamai.

In wanke su su yi ƙyalli?

Kada ka soma. Toka, lemon tsami, yashi, man goge tagulla, soson ƙarfe, duka suna kankare fatar ƙarfen ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Duhun da shekaru suka sa wa ƙwandala ba datti ba ne, masu tarawa sun fi son ta da shi. In akwai maiƙo ko laka, jiƙa ta a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ka ɗauraye, ka dangwale da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba, ka bar ta ta bushe sarai. Wadda ta yi koren tsatsa mai gari-gari ka ware ta ita kaɗai.

A ina zan ajiye, kuma me zan rubuta?

Kowacce a ɗakinta. In suka haɗu a gwangwani ɗaya suna cin juna. Ƙaramar ambulan ta takarda ta isa, ko ka naɗe farar takarda da kanka. Guji leda mai laushi irin ta bangon katin shaida, don da zafi takan fitar da wani danƙo kore da ke lalata ƙarfe. Da damina ka sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Riƙe ƙwandala ta gefe, gumin yatsa kan bar tabo.

A bayan ambulan ka rubuta ƙasa, daraja, shekara, sannan inda ka samu da ranar da kuma hannun da ta fito: canjin mai shayi a tashar Maraɗi, ko jakar Hajiya bayan aikin Hajjin bana. Mutane kan yi kasalar wannan layi na ƙarshe, su ce za su tuna. Ba a tunawa. In ƙwandala ta gagare ka ganewa, shafin Numista yana da hotuna da nauyi da faɗin kusan kowace iri, kyauta.

Kayan aiki ba su da yawa: gilashin ƙara girma, ƙaramin sikeli, da maganaɗisu. Na ƙarshen yana da amfanin da ba a zata ba. Tsohuwar dala goma ta yamma ba ta kamuwa da shi, amma wadda aka soma bugawa daga 2012 baƙin ƙarfe ce da aka shafa wa nikel, tana mannewa.

An ba ni ita a canji ban sani ba. Laifi ne in miƙa wa wani kamar yadda aka miƙo mini?

Da ba ka sani ba, babu komai. Yanzu da ka sani, cusa ta cikin kuɗin mai ƙosai don ba ta dubawa algus ne, komai ƙanƙantarsa. In za ka kashe, ka nuna: ga ta, ta Kamaru ce, za ki karɓa? A garuruwan iyaka da yawa za a karɓa. Haka nan in aka ba ka yuro ɗaya a matsayin dala arba'in, don launinsu ya yi kama, ka sani an ba ka fiye da ninki uku na haƙƙinka, sai ka mayar ko ka cika wa mai ita.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka yi shiri da masu tebur biyu ko uku su riƙa ware maka, kai kuma ka fanshe su a kan abin da aka cuce su. Sun huta da asara, ka samu kayanka.

Banki ko 'yan canji za su karɓa?

'Yan canji, ko a Wapa ta Kano ko a babbar kasuwar Yamai, takarda suke so. Tsaba nauyi gare ta, kuɗin mai da ita ƙasarta ya fi ta. Bankuna ma haka. Kada a haɗa wannan da rigimar shafaffiyar sefa ta gida da 'yan kasuwa ke ƙi, ko dala hamsin mai launi biyu ta 1992 da wasu ke gudu. Waɗannan kuɗin ƙasa ne, kuma BCEAO ya sha nanata cewa suna aiki.

Akwai dokar da ta hana tarawa?

Ajiye tsabar wata ƙasa don sha'awa ba laifi ba ne. Inda ake shiga matsala shi ne lalata kuɗin da ke aiki. A Najeriya sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun, ga mai wulaƙanta naira, kuma ƙwandala na ciki. Fitar da kayan tarihi daga ƙasa kuma sai da izinin hukumar gidajen tarihi. In kana son ganin tsofaffin kuɗi a tsare, Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, BCEAO ma yana da nasa a Dakar.

Mu kaɗai ne ke fama da wannan, ko har ƙasashen Turawa?

Ko'ina. A arewacin Amurka tsabar Kanada tana yawo cikin canji. A Ingila ana samun ta Jersey da Gibraltar. Yuro biyu ta sha wahala da 'yan kama: bat 10 ta Tailan, tsohuwar lira 500 ta Italiya, da lira ɗaya ta Turkiyya ta 2005. Japan sai da ta sauya yen 500 a shekarar 2000 saboda ana rage wa won 500 ta Koriya ta Kudu nauyi ana zuba wa injinan sayar da kaya, alhali darajarta wajen kashi ɗaya cikin goma ce. A Dubai ma an yi fama da peso ɗaya ta Filifin a madadin dirhami.

Masu amfani da yuro kuwa wasan ya zo musu gida, don kowace ƙasa da nata zanen a bayan ƙwandala, kuma duka suna aiki ko'ina. Suna farautar na ƙananan ƙasashe: Monako, San Marino, Fadar Paparoma da Andora. A nan ne kawai ake ɗan jin labarin sa'a, kamar yuro biyu ta Monako ta 2007 mai hoton Gimbiya Grace, wadda 20,001 kacal aka buga. Ita ma tun ranar farko masu tarawa suka kwashe ta.

Wannan ba sunan ƙasa a jikinta. Ta ina ce?

Mai yiwuwa ba kuɗi ba ce. Akwai ƙarafan wasan yara, na injin wanki, na tsofaffin wayoyin kan titi, da lambobin tunawa. In babu sunan ƙasa ko banki, babu daraja a rubuce, to ka sa ta gefe. Ingila ce fitacciyar da ba ta rubuta sunanta, kan sarki ko sarauniya ne shaidarta. Suwizalan Helvetica ko Helvetia take rubutawa, Hangari Magyarország, Jamus Deutschland, Girka da Rasha kuma da nasu baƙaƙen.

Sai kuma masu walƙiya da ake tallatawa a intanet da sunan Nijar ko Chadi, da hotunan dabbobi masu launi. Kamfanoni ne ke buga su don masu saye a waje, ba su taɓa shiga kasuwar Damagaram ba. Na 1960 masu hoton Shugaba Diori Hamani, na zinariya da azurfa, na tunawa da 'yancin kai ne, su ma ba a yi cefane da su ba.

Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da waɗanda suka maimaitu?

Fara da ƙasa ɗaya, ƙwandala ɗaya. Maƙwabta tukuna, sannan ƙasashen da suka bar sefa: Gini a 1960, Muritaniya a 1973, da Mali wadda ta yi nata faran daga 1962 zuwa 1984 kafin ta dawo. Ƙananan na Mali na alminiyom ne, da dorinar ruwa da doki da zaki, kuma samun su a canji sai an dace. In ƙasashen sun fara ƙarewa, ka koma bin shekaru da haruffa.

Maimai kuwa, ka ajiye mafi kyawu a kowace shekara, sauran su ne jarin musaya. Abin da ya cika gwangwani a Difa ba a ganinsa a Gaya, kuma mutumin Agadas yana da dinarin da zai ba ka guda uku a kan pesewa ɗaya. Ka aika masa hoton fuska biyun kafin ku shirya, ka naɗe kowacce dabam a takarda, ka ba direban da kuka saba.